Ɗinkin komawa-baya ya ɓata mini hoton giciye, yaya zan gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na gama ɗinkin giciye na hoton wata kyanwa zaune gefen furen wardi, a kan farin yadin Aida, wato yadin ɗinkin giciye mai hudoji a jere, mai gida 14 a kowane inci. Da na zo zagaye gefuna da ɗinkin komawa-baya kamar yadda takardar zanen ta nuna, sai aikin ya yi muni. Layukan sun yi kauri, wasu sun karkace, fuskar kyanwar ta yi duhu, ga baƙin zare yana leƙowa ta bayan yadin. Baƙin zare sili 2 na sa, kamar yadda na yi giciyen. Ina kuskuren yake? Zai gyaru, ko sai na sake sabon aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kwantar da hankalinki, babu abin da zai sa ki sake sabon aiki. Ɗinkin komawa-baya a saman giciye yake kwanciya, ana iya zare shi a bar giciyen yadda yake, don haka wahalar da kika sha ba ta tafi a banza ba. Daga bayaninki, rabin matsalar daga abu guda ta fito, wato baƙin zare sili 2 a ko'ina. Sauran rabin kuwa na tsawon ɗinki ne da yadda kike ratsa zaren ta baya.

Ki fara gane abin da layin nan yake yi wa hoto. Giciye launi yake zubawa gida-gida, shi ya sa duk abin da yake da lanƙwasa, kamar kunnen kyanwa ko gefen fure, yake fitowa hawa-hawa. Siririn layin da ake bi da shi daga baya shi ne yake daidaita waɗannan gefuna, ya raba launuka biyu masu kama da juna, ya kuma zana abin da ya fi gida ɗaya ƙanƙanta, irin su gashin baki, ƙwayar ido da jijiyar ganye. Aikinsa aikin kwalli ne a ido: kaɗan ya fito da idon, in aka rambaɗa sai kwallin kawai ake gani. Abin da ya sami fuskar kyanwarki ke nan.

Zaren audugar da ake wannan aiki da shi, irin na kamfanin DMC na Faransa ko na Anchor, sili 6 ne a haɗe. A yadi mai gida 14 a kowane inci, abin da yawancin masu tsara zane suke bi shi ne sili 2 a giciye, sili 1 a komawa-baya. A mai gida 16 da mai 18 ma layin sili 1 ne. Sai a yadi mai manyan gidaje kamar mai 11, inda ake giciye da sili 3, nan ne sili 2 yake iya dacewa da layi. Koma ki duba jadawalin launukan da ke gefen takardarki. Galibi ana ware layukan a ƙasa dabam, a rubuta lambar zare da yawan sili, amma idon mutane da yawa yakan tsallake wurin saboda ɗokin gamawa. Ni a wurare biyu kawai nake yarda da sili 2 a yadi irin naki: rubutun da ake so a karanta daga nesa, da layin da ya ratsa tsakanin launuka masu duhu har sili ɗaya ya nutse ba a ganinsa.

In za ki cire silin, yanki zaren tsawon kamu ɗaya, kimanin santimita 45, ki riƙe bakinsa da yatsu biyu, ki ja sili ɗaya sama a hankali. Sauran za su tattare a ƙarƙashin yatsunki, da silin ya fita sai su miƙe. Kada ki wuce kamu ɗaya. Sili guda ba shi da ƙarfi, ga shi yana gogar giciye a duk shigarsa da fitarsa, in ya yi tsawo sai ƙarshensa ya yi gashi-gashi, layin ya daina fita tas.

Sai maganar launi, wadda a ganina ta fi ta kauri muhimmanci. Baƙi wulik, wato DMC 310 ko Anchor 403, yana da wurinsa: hoton katun na yara, rubutu, ƙwayar ido. Amma a jikin dabba ko fure yana da zafi ƙwarai, yana yanka hoton gunduwa-gunduwa. Abin da ya fi kyau shi ne ki nemi launi mafi duhu daga dangin launin da kike zagayewa. Kyanwa mai ruwan ƙasa ko ja-ja-ja, ki zagaye ta da DMC 3371 ko 938, waɗanda ruwan ƙasa ne mai duhu sosai. Mai ruwan toka, 3799 ko 413. Jan wardi, 814. Ganye, 934. Abu mai shuɗi, 939. Daga nesa duk waɗannan kusan baƙi ne, amma suna zama lafiya da maƙwabtansu, ido ba ya tsayawa a kan layin, yana wucewa kan hoton. Ko da takarda ta ce 310 a ko'ina, kina da ikon canzawa. Mai zanen yakan zaɓi baƙi ɗaya ne wani lokacin don rage yawan zaren da za a saya.

Yanzu ga ɗinkin kansa. Ɗauki hudoji huɗu a jere, ki kira su 1, 2, 3, 4, layin yana tafiya daga 1 zuwa 4. Allura ta fito ta 2, ta shiga ta 1. Ta fito ta 3, ta dawo ta shiga ta 2. Ta fito ta 4, ta shiga ta 3. Kullum fitowa a gaba, shiga a baya. Hikimar ita ce allurar tana sauka ne a hudar da ɗinkin baya ya ƙare, sai ɗinkin biyu su haɗa baki ba giɓi, duk wani gashin zare kuma ta tura shi ƙasa. Ki sa yadin a zoben katako ya miƙe, ki riƙa soka allura ƙasa ki ja zaren duka, sannan ki soko ta sama. Ɗinkin da ake shiga a fita a ja guda, irin na kalmasa, yana da sauri, amma a wurin da giciye ya cika yana tsaga zaren giciyen.

Inda mutane suka fi samun matsala shi ne tsawon kowane ɗinki, kuma ina zaton nan ne layukanki suka karkace. A layi miƙaƙƙe, na tsaye ko na kwance, gida ɗaya ko biyu ake ɗauka. Gida ɗaya-ɗaya yana da ƙarfi kuma shi ya dace da rubutu, sai dai dogon layi yakan fito ɗigo-ɗigo saboda zaren yana nutsewa a kowace huda. Gida bibbiyu ya fi santsi a ido. In ya wuce uku kuma sai ya fara saki, ya kauce daga wurinsa. Wanda kika zaɓa, ki tsaya a kansa har ƙarshen layin, don cakuɗa gajere da dogo ba dalili yana nunawa.

Layin da ya tafi a karkace shi ne mai wuyar sha'ani. Wanda ya ratsa gida daga kusurwa zuwa kusurwa ba shi da matsala, akwai huda a kowane mataki. Amma ki ce layi ya tafi gida 6 a kwance, ya hau gida 2. Da yawa sukan ji tsoron dogon ɗinki, sai su riƙa neman huda mafi kusa a kowane gida, layin ya fito a murguɗe. Abin yi shi ne ki nemi inda layin ya bi ta kan huda daidai. A wannan misali yana ratsa huda a gida 3 a kwance, gida 1 a sama, saboda haka ɗinki biyu za ki yi, kowane uku-da-ɗaya, kuma za su miƙe sambal. Layi mai gida 4 a kwance da 2 a sama, ki raba shi biyu-da-ɗaya sau biyu. Amma mai gida 5 a kwance da 2 a sama ba ya taɓa wata huda a tsakani. Nan zaɓi biyu gare ki. Ko dai ki yi shi ɗinki guda, wanda a yadinki bai wuce santimita 1 ba tunda gida ɗaya bai kai milimita 2 ba, ko kuma ki kwantar da dogon ɗinkin sannan ki fito da allura mai tsini daidai tsakiyarsa, ki ɗaure shi da ɗan mitsitsin ɗinki na zare iri ɗaya. Abin da zai yanke hukunci shi ne inda aikin zai zauna. Wanda za a sa a firam a rataye, dogon ɗinki ba ya cutar da shi. Wanda zai zama rigar matashin kai ko kayan yara, hannu zai taɓa shi, wanki zai same shi, dole a ɗaure duk abin da ya wuce gida uku. Gashin bakin kyanwa kuwa, in dai firam za ta shiga, ki yi kowane da ɗinki guda. In kika yanyanka shi gida-gida ya daina kama da gashi.

Ki riƙa kallon takardar kina neman inda layi ya canja alkibla. Nan ne dole allura ta shiga, ko da ɗinkin da ya rage gajere ne. Kuma a kwana, komawa-baya yana da wata ɗabi'a: zaren da ke baya yana yanke kusurwar a karkace, in aka ja shi da ƙarfi sai kwanar ta lanƙwashe, wani lokacin ma a hango shi ta cikin yadin. Maganinsa shi ne idan kin iso kwana da ɗinki na ƙarshe, ki fito ta hudar kwanar kanta, ki yi ɗinki ɗaya gaba, sannan ki ci gaba da komawa-bayanki. Kusurwar za ta tsaya cak.

Akwai wata hanya da nake so ki koya, ko da ba a wannan aikin ba. Ana kiranta ɗinkin Holbein, da sunan Hans Holbein ƙarami, Bajamushen da ya yi zanen hotuna a fadar Sarki Henry na 8 na Ingila. A hoton da ya zana na Sarauniya Jane Seymour ana ganin irin wannan siririn baƙin ɗinki a bakin hannun farar rigarta ta ciki. Yadda ake yi: ki tafi gaba kina ɗinka gida ɗaya kina tsallake ɗaya har ƙarshen layin, sannan ki juyo ki cike waɗanda kika tsallake. Gaba da baya suna fitowa iri ɗaya, babu zaren da ya yanke kwana, kuma ya fi tattalin zare, domin komawa-baya yana cin tsawon gida uku na zare a kowane gida ɗaya da aka zana, shi kuwa wannan biyu yake ci. A kan farin yadi inda babu giciyen da zai rufe baya, kamar rubutu ko layin gefe, ya fi komawa-baya tsabta nesa ba kusa ba. Abin lura guda: a dawowa, ki riƙa fitowa ta gefe ɗaya na zaren farko kina shiga ta ɗaya gefen, kullum haka, in ba haka ba layin zai ɗan yi zigizag.

Allura ma tana da nata. Ta giciye mara tsini ce, lamba 24 ake yawan sawa a yadi mai gida 14, kuma a allura, yawan lamba shi ne sirantaka. Da sili ɗaya, ki sauka zuwa lamba 26, tana ratsa hudar da giciye huɗu suka riga suka cika ba tare da ta buɗa ta ba. Ki ajiye wata mai tsini a gefe, lamba 9 ko 10 ta aikin surfani, don wurin da zane ya ce layi ya tsaya a tsakiyar gida. Yadin Aida ba shi da huda a tsakiyar gida, sai an huda. Masu aiki da yadin da ake ƙirga zare bibbiyu, kamar mai zare 28 wanda girman ɗinkinsa daidai yake da Aida 14, ba su da wannan damuwa domin hudar tana nan. Kada dai ki yi aikin duka da mai tsini, za ta riƙa shiga cikin zaren giciye, warwarewa kuma ta zama azaba.

Wani wuri da ya kamata ki duba a kunnuwa da gefen fuska: gidajen da launi biyu suka raba a karkace, layi kuma ya bi ta tsakaninsu. Idan kin riga kin sa rabin giciye a karkacen, layin zai hau kansa ya zame gefe guda. Ya fi kyau kowane launi ya samu ɗan guntun ɗinki daga kusurwarsa zuwa tsakiyar gida, a bar karkacen ga layin shi kaɗai.

Baƙin da kike hangowa ta baya kuma daga tsallake ya zo. Zare mai duhu ba ya ratsa bayan farin yadi inda babu giciye, ko da gida biyu ne, domin ranar da aka ɗora aikin a kan farin kwali a firam sai ya fito kamar inuwa. In za ki tashi daga wani layi zuwa wani, ki bi da allurar ta ƙarƙashin bayan giciye, kuma ki zaɓi masu duhu, kada ki bi ta bayan fari ko ruwan madara. In nisan ya wuce gida huɗu ko biyar, ki ƙare zaren ki sake farawa. Na san yana cin lokaci, amma babu wata dabara da ta fi wannan. Ba a ƙulli a bakin zare. Farawa da ƙarewa duk ta hanya ɗaya ce: ki cusa zaren ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar a baya. Da yake sili ɗaya yana da santsi, ki zagaye ɗinki na ƙarshe sau ɗaya kafin ki fito, shi zai riƙe shi. Ki yanke saura gab da yadi, kada ki bar jela. Kina aiki kina ɗaga yadin ga hasken taga, duk abin da kika hango a nan za a hango shi a bango.

Jan zare ya zama daidai da na giciyenki. In ya yi tsauri layin zai nutse tsakanin gidaje, hudoji su buɗe. In ya yi sako-sako zai kauce. Bayan 'yan ɗinki kaɗan ki saki allurar ta yi reto, zaren ya warware murɗin da ya yi, tun kafin ya ƙulle.

Game da tsari, giciye duka ake fara gamawa, sannan layi, sannan ƙullin Faransa, wato ɗan ƙullin ado mai kama da ɗigo, in akwai, duwatsun ado su zo a ƙarshe. Dalili a fili yake, giciyen da aka yi bayan layi yana danne shi. A babban aiki kina iya zagaye ɓangaren da kika gama, muddin giciyen gefen layin biyu sun cika, wannan yana rage gajiyar tarar da tulin layuka a ƙarshe. Irin aikin da ya saɓa wa haka shi ne na garin Assisi a Italiya, inda ake fara zagaye siffar da ɗinkin Holbein, a cike filin da ke kewaye da ita da giciye, a bar siffar kanta fara. A cikin layukan ma, ki fara da masu haske, masu duhu su biyo baya, don duhun ya hau sama a inda suka haɗu.

To, ga abin da nake ba ki shawara ki yi da kyanwarki. Ɗauki hotonta da waya yadda take yanzu. Ki warware fuskar kawai tukuna. Kada ki kai almakashi ko reza kusa da giciye ta gaba. Juya baya, ki yanke baƙin zaren a wuri ɗaya inda kike ganinsa sarai, ki riƙa zaro ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da bakin allura mara tsini. Baƙin zare yana barin gashi a kan launi mai haske, ki ɗauke shi da ɗan salatif, ki manna a hankali ki ɗaga. Zaren da kika warware ki zubar, ya riga ya gaji. Sannan ki sake fuskar da sili ɗaya: ido da 310, domin nan ne baƙin gaske yake da amfani, hanci da baki da kunnuwa da launi mai duhu na dangin jikinta. Ki ba idon lokaci. Kuskuren huda ɗaya a jela babu mai gani, amma a ido yana canja fuskar gaba ɗaya, kyanwa mai fara'a ta koma mai fushi. Ki ƙirga daga takarda sau biyu kafin ki soka. Yana taimakawa ki yi fotokwafin takardar, ki riƙa bin layin da kika gama da alƙalami mai launi, don layukan suna hawa kan alamomin giciye su rikita ido.

In kin gama fuskar, jingine aikin a bango ki ja baya kamar taku uku, ki kwatanta da hoton wayar. Daga nan za ki ga wani abu: ba kowane layi da ke takarda hoton yake buƙata ba. Inda jan fure ya haɗu da koren ganye, launin ya riga ya raba su. Inda farin ƙirjin kyanwa ya haɗu da farin yadi, nan layi dole ne, in ba haka ba ta narke. A furen, jijiyoyin cikin ganye da 'yan lanƙwasan tsakiyar wardin sun fi zagayen waje amfani. Ni nakan bar wasu gefuna ba layi da gangan, musamman a jikin dabba mai gashi, domin gashi ba shi da iyaka kaifi.

Kafin ki sa zare mai duhu wanda ba ki san asalinsa ba, musamman irin na kasuwa da ba shi da lamba, ki gwada ko yana zuba. Jiƙa ɗan guntu, ki matse shi cikin farin ƙyalle, ki bari ya bushe. In ya bar alama, kada ya kusanci aikinki. In kin zana layukan ƙirga a yadin da alƙalamin da ruwa yake gogewa, ki wanke su da ruwan sanyi kafin guga, domin zafi yana iya kama su su zauna. Wankin ƙarshe da hannu ake yi, ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mai laushi, ba cuɗawa, ba murɗewa. Naɗe shi cikin tawul ki danna ruwan ya fita. Ki shimfiɗa wani busasshen tawul, ki kifa aikin fuskarsa ƙasa, ki goge ta baya yana da ɗan danshi. Laushin tawul ɗin ne yake hana dutsen guga murƙushe giciyen da layukan. In dutsen gawayi ne, ki ɗora farin ƙyalle a tsakani saboda toka.